Farautar ajiya da GPS: yadda ake auna darajar manhajojin da 'yan wasan ke rubuta tarihinsu da su

Akwai wani wasa da ya bazu a duniya tun shekarar 2000, wanda Turawan Ingilishi ke kira geocaching, Faransawa kuma géocaching. Wani zai ɓoye ƙaramin mazubi a gindin bishiya, ko a kogon dutse, ko a bayan allon hanya, ya sa takardar sa hannu a ciki, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet. Wani kuma zai ɗauki wayarsa ko na'urar GPS ya bi lambobin har ya gano mazubin, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da shi yadda ya same shi. A wannan rubutu za mu kira mazubin da suna ajiya, wasan kuma farautar ajiya.

Wanda ya daɗe yana wasan yakan tara tarihi mai yawa: ajiya ɗari ko dubu da ya gano, ranakun da ya je, hotuna, da bayanan da ya rubuta don kansa. Duk wannan yana zaune ne a cikin manhaja. Da yawa daga manhajojin kuwa masu sha'awar wasan ne suka rubuta su a lokacin hutunsu, wasu su kaɗai, wasu a ƙungiyar 'yan sa kai. Wata kyauta ce, wata ta kuɗi ce. Tambayar da sabon shiga ke yi ita ce, wacce ce ta cancanci lokacinsa da kuɗinsa? Amsar a taƙaice: wadda ke aiki a inda babu intanet, take rubuta gaskiyar abin da ya faru, take kuma barin mutum ya kwashe bayanansa ya tafi duk ranar da ya so. Sauran abubuwan ado ne.

Asalin wasan

GPS tsarin taurarin ɗan'adam ne na rundunar sojin Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Na'ura na buƙatar saƙo daga aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda take. Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuma daga ranar 2 ga watan na'urorin hannu suka fara nuna wuri da kuskuren da bai taka kara ya karya ba.

Washegari, 3 ga Mayu, wani mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada abin. Ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai, da kaset na bidiyo, da gwangwanin wake, da littafin sa hannu, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ka ɗauki abu, ka bar abu, ka sa hannu. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano bokitin. A watan Satumban shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75. Kamfanin da ke tafiyar da shafin, Groundspeak, yana birnin Seattle, kuma yau akwai ajiya fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Amurka ce ta fi yawa, Jamus na bi mata.

A Faransa wasan yana da 'yan'uwa. Akwai cistes, wanda Max Valentin ya ƙirƙiro a 2002, inda ake bin kacici-kacici maimakon lambobi. Akwai kuma Tèrra Aventura, wanda aka fara a yankin Limousin a 2011 don jawo masu yawon buɗe ido, yana da manhajarsa ta kansa. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can sukan ci karo da waɗannan kafin su san babban wasan.

Abin da ake rubutawa

Sa hannu iri biyu ne. Na farko a takardar da ke cikin ajiyar, na biyu a intanet. Na intanet ɗin shi ne aikin manhaja, kuma yana da nau'o'i: na gano, ban gano ba, ga wani bayani, ajiyar na buƙatar gyara, ko kuma a sanar da mai dubawa cewa ya kamata a soke ta. Kowace ajiya tana da lambar shaida da ke farawa da haruffan GC, da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Ana hawa da rabi-rabi, wato matakai tara a kowane ɓangare, jimilla haɗi 81, kuma akwai 'yan wasan da burinsu shi ne su cike dukkan 81 ɗin.

Wannan rajista ba ta mai ita kaɗai ba ce. Wanda ya ɓoye ajiyar da ita yake sanin ko kayansa na nan. In mutum uku a jere suka rubuta ba su gano ba, ya san ko dai an ɗauke ta ko ruwa ya tafi da ita. Wanda zai zo gobe ma ita yake karantawa kafin ya kashe kuɗin mota. Saboda haka manhajar da ke ɓata rajista tana cutar da mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba.

Manhajojin da aka fi sani

Ta farko ita ce ta kamfanin Groundspeak, mai suna Geocaching, a wayoyin Android da iPhone. Ana sauke ta kyauta, amma wanda bai biya kuɗin shekara ba ajiya masu sauƙi kawai take buɗe masa. Ita ce mafi sauƙin farawa.

Ta biyu c:geo, ta Android kaɗai. Kyauta ce, ba talla, kuma rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Mutum ɗaya ne ya fara ta, ya janye a 2011, 'yan sa kai suka ɗauka suka ci gaba har yau. Tana da taswirori da ake saukewa a ajiye a waya, tana kuma karanta ajiyar wasu shafukan banda Geocaching.com, kamar na Opencaching da 'yan sa kai ke gudanarwa a Jamus da Poland da wasu ƙasashe.

Ta uku Cachly, ta iPhone. Tana cikin manhajojin da Groundspeak ya ba izinin shiga rumbun bayanansa ta ƙofar da ya tanada.

Ta huɗu GSAK, ta kwamfuta mai Windows, wadda Clyde England na Ostireliya ya rubuta. Da ita ake tace dubban ajiya, a ware, a shirya tafiya, a tura wa na'urar Garmin, a fitar da ƙididdiga. Shekaru ana sayenta, a 2019 ya mayar da ita kyauta. Fuskarta ta tsufa, amma masu shekaru a wasan har yanzu suna riƙe da ita, don da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma GPSBabel, wadda Robert Lipe ya fara, aikinta juya fayil daga tsarin wata na'ura zuwa na wata. Bayan waɗannan akwai ƙananan manhajoji barkatai a kasuwannin waya, wasu na ɗalibai, wasu na mutum ɗaya da ya rubuta don kansa ya ga bari ya raba. A kan irin waɗannan ne ma'aunan da ke tafe suka fi amfani.

Ma'auni na farko: me take iya yi in babu intanet

Mutane da yawa suna zaton GPS na cin data. Ba ya ci. Wayar karɓar saƙo kawai take yi daga sama, kamar rediyo. Intanet na taimaka mata ta kama taurarin da sauri, amma ko babu shi za ta kama, sai dai a ɗan jira a fili. Abin da ke cin data shi ne taswira, da bayanin ajiyar, da hotuna.

Don haka manhaja mai kyau tana barin mutum ya sauke komai tun yana gida ko a inda akwai wifi: taswirar yankin, cikakken bayanin kowace ajiya, alamar taimako da mai ita ya bari, da rajistar mutanen da suka je kwanan nan. Mafi yawan taswirorin da ake saukewa sun fito ne daga OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa tun 2004. Ingancinta ya danganta da yawan waɗanda suka yi aiki a yankin, shi ya sa ya kamata mutum ya fara duba unguwarsa a kai. In layin gidansu da masallacin unguwa da kasuwa sun fito daidai, to zai iya amincewa da ita a kusa. In fili fetal ya gani, ya san kibiyar manhajar ce kaɗai jagorarsa.

Wannan ma'auni ya fi nauyi ga mai tsallake iyaka. Wanda ya tashi daga Garwa zuwa Njamena, ko daga Kumasi zuwa Lome, layinsa kan mutu ko ya koma tsada da zarar ya haye. Manhajar da sai ta gaisa da intanet kafin ta buɗe ba ta da amfani a gare shi.

Ma'auni na biyu: yadda take riƙe lambobi

A nan ne ƙananan manhajoji suka fi faɗuwa. Ana rubuta lambobin wuri ta hanyoyi uku: digiri da ɗigo, ko digiri da minti da ɗigo, ko digiri da minti da sakan. Masu farautar ajiya ta biyun suke amfani da ita, bisa ma'aunin duniya da ake kira WGS84. Misali: N 13° 30.500. Minti ɗaya na arewa zuwa kudu mita 1,852 ne, don haka lambar ƙarshe a misalin tana wakiltar ƙasa da mita biyu.

Yanzu a ce manhaja ta karanta 30.500 a matsayin minti 30 da sakan 50. Minti 30 da rabi sakan 30 ne a kan minti 30, wato an ƙara sakan 20, sulusin minti ke nan. Za ta tura mutum fiye da mita 600 daga inda ajiyar take, ya yi ta tonon ciyawa a gonar wani. Manhaja mai daraja tana gane kowane tsari, ta nuna wa mutum yadda ta fahimci abin da ya shigar kafin ta adana.

Masu karanta Faransanci suna da ƙarin tarko biyu. Na farko waƙafi: Faransawa na rubuta 13,508 a inda masu Ingilishi ke rubuta 13.508. Wayar da aka saita da Faransanci na iya sa manhajar da ba a rubuta da kyau ba ta ƙi karɓar lambar, ko ta yanke abin da ke bayan waƙafin. Na biyu harafin O. A Faransanci yana nufin yamma, a Jamusanci kuwa gabas. Layin Greenwich da ya raba gabas da yamma ya ratsa ta Tema a Ghana, saboda haka Accra da Kumasi suna yamma da shi, Yamai da Yawunde da Njamena da Khartum kuma suna gabas. In aka juya wa mutumin Kumasi yamma ta koma gabas, manhajar za ta kai shi kusan kilomita 350, wajen iyakar Togo da Benin.

Sai kuma gaskiya game da kuskure. A fili waya takan yi daidai cikin mita 3 zuwa 5. A ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu ko tsakanin dogayen gine-gine kuskuren yakan ninka. Manhaja mai kyau tana nuna wannan adadin a fuskarta. Ga mai son ɓoye ajiya, tana iya ɗaukar ma'auni sau da yawa ta fitar da matsakaici, ta kuma taimaka masa ya kiyaye ƙa'idar Geocaching.com ta barin aƙalla mita 161 tsakanin ajiya da ajiya.

Ma'auni na uku: gaskiyar rajista

Mutum ya gano ajiya ranar Asabar a ƙauye, bai sami intanet ba sai Talata. Manhaja mai kyau za ta riƙe rubutunsa a waya da ranar Asabar da lokacin da ya rubuta, ta tura shi yadda yake. Maras kyau za ta sa ranar Talata, ko ta tura sau biyu saboda intanet ya yanke a tsakiya, ko ta ce ta tura alhali ba ta tura ba. Na'urorin Garmin sun daɗe da warware wannan da ɗan fayil na rubutu zalla, kowane layi ɗauke da lambar ajiya, da lokaci, da nau'in rajista, da abin da mutum ya rubuta. Ko manhaja ta lalace, ana iya buɗe fayil ɗin a karanta da ido.

Kwanan wata ma yakan yi tuntuɓe daga na'urar kanta. Tsohon tsarin GPS yana ƙirga makonni ne zuwa 1,024 sannan ya koma sifili, abin da ya faru a watan Afrilun 2019. Wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba suka koma nuna ranar kusan shekara 20 baya. Mai sayen na'urar hannu ta gwanjo ya duba ranar da take nunawa kafin ya biya.

Ga mai rubutu da Hausa akwai gwaji na musamman. Ya rubuta jimla mai ƙ da ɗ da ɓ, ya haɗa da é da ç na Faransanci, ko haruffan Larabci in da su yake rubutu, ya adana, ya fitar da ita zuwa fayil, ya sake buɗewa. In haruffan sun koma alamar tambaya ko akwatuna, manhajar za ta yi wa tarihinsa gaba ɗaya haka.

Ma'auni na huɗu: ƙofar fita

Wannan shi ne mafi girma, kuma shi ne aka fi mantawa da shi ranar saukewa. A 2002 kamfanin TopoGrafix ya fitar da wani tsarin fayil mai suna GPX, buɗaɗɗe ga kowa, wanda ke ɗauke da wurare da hanyoyi da sawun tafiya. Yau kusan duk na'ura da manhajar taswira suna karanta shi. Manhajar da ke karɓar GPX take kuma fitar da shi ta bar wa mutum ƙofa a buɗe. Wadda ke karɓa kawai ba ta fitarwa ta kulle shi a ɗaki.

Tarihin wasan ya nuna dalilin wannan tsoro, kuma misalan daga manyan kamfanoni suke. Garmin ya buɗe nasa shafin ajiya, OpenCaching.com, a 2010, ya rufe shi a 2015. Shafin ya sha bamban da Opencaching na 'yan sa kai da aka ambata a sama, waɗanda suke nan har yanzu. Groundspeak ma yana da tsohuwar manhaja da ake saye kusan dala 10, ya dakatar da ita a 2017 ya tura kowa zuwa sabuwa. In manya na rufe ƙofa haka, balle ɗalibin da ya rubuta manhaja a hutun jami'a sannan ya sami aiki.

Ba kowane fitarwa ne cikakke ba. A buɗe fayil ɗin a duba: ya ɗauko bayanan da mutum ya rubuta don kansa? Ya ɗauko lambobin da ya gyara bayan ya warware kacici-kacici? Waɗannan su ne guminsa, kuma su ne ba za a same su a wani wuri ba. A duba kuma ko manhajar na iya yin kwafin dukkan rumbunta zuwa katin waya ko kwamfuta. Waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha.

Ma'auni na biyar: wa ke kula da ita

Manhaja tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, domin Android da iPhone na canzawa a ƙarƙashinta, shafin da take ɗauko bayanai daga gare shi ma yana canzawa. Abin dubawa na farko shi ne ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, wanda ke rubuce a kasuwar manhajoji. Shekara biyu shiru alama ce mara kyau. Na biyu, mutum nawa ne ke aiki a kanta, kuma rubutunta a buɗe yake? Labarin c:geo ya isa misali: da rubutunta a rufe yake, da ta mutu ranar da mai ita ya gaji.

Na uku, ta wace ƙofa take shiga? Manhajojin da ke da izinin Groundspeak suna tura mutum shafin kamfanin ya sa kalmar sirrinsa a can, su ba sa ganinta. Sun fi kwanciyar hankali, amma suna ƙarƙashin iyakar kamfanin: wanda bai biya kuɗin shekara ba ajiya 'yan kaɗan zai sauke da cikakken bayani a rana. Ita c:geo tana shiga shafin ne kamar yadda mutum ke shiga, ta karanto abin da ke ciki. Wannan ya ba ta 'yanci, ya kuma sa duk lokacin da aka sauya fasalin shafin wani sashe nata yakan tsaya har sai 'yan sa kai sun gyara. Kuma dole a ba ta kalmar sirri. A wurin c:geo ana iya duba rubutunta a ga inda kalmar ke zuwa. Baƙuwar manhaja mai rufaffen rubutu da ke neman kalmar sirri kuwa, a bar ta.

Kuɗi da sirri

Farashin manhaja ɗaya ne kawai daga kuɗin da ake kashewa. Akwai kuɗin shekara na Geocaching.com, wanda ya daɗe a dala 30 kafin a ƙara shi. Shi ke buɗe ajiyar da aka keɓe wa masu biya, da damar sauke har ajiya 1,000 a fayil ɗaya, da sauke jerin duk waɗanda mutum ya taɓa ganowa. Ga mazaunin Paris ko Hamburg da ajiya ke kewaye da shi, kuɗin na iya biyan kansa. Ga wanda garinsa ajiya biyar ce ko babu, asara ce. A buɗe taswirar shafin, wadda rajistar shigarta kyauta ce, a ƙirga abin da ke kusa kafin a biya ko sisi, kada a yi cinikin biri a sama. Akwai kuma data, da batir. Hasken fuskar waya a tsakar rana da GPS a kunne suna shanye caji da sauri, wayar kuma ta yi zafi.

Manhajar kyauta mai yawan talla takan karɓi nata kuɗin ta wata hanya. Wannan manhaja ta san inda mutum yake a kowane minti da take kunne. Tana da hujjar neman izinin sanin wuri da na ajiye fayil, da kyamara in za a ɗauki hoto. Ba ta da hujjar neman lambobin abokai ko saƙonni. A kuma tuna rajista a bainar jama'a take: wanda ya bi ta zai iya gane unguwar mutum da ranakun da ba ya gida. Hoton waya ma yakan ɗauki lambobin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗinsa. Shi ya sa yawancin 'yan wasan da laƙabi suke shiga.

Gwajin yini ɗaya

Gani ya kori ji, kuma duk abin da aka lissafa ana iya gwada shi kafin la'asar. A sauke taswira da 'yan ajiya, ko a shigar da wurare uku na unguwa da hannu. A kashe data gaba ɗaya a sake buɗe manhajar. A shigar da wuri ɗaya da tsare-tsaren lambobi uku, a ga ko duk sun faɗi a ɗigo ɗaya. A yi tafiyar awa guda a lura da abin da batir ya ci. A rubuta rajista da Hausa, a kashe wayar, a kunna, a ga ko tana nan da lokacinta. A ƙarshe a fitar da komai zuwa GPX a buɗe shi da wata manhajar daban, kamar OsmAnd. Wadda ta tsallake waɗannan shida ta cancanci a ba ta tarihi. Wadda ta faɗi a na ƙarshe, ko ta ci sauran biyar, a yi amfani da ita a matsayin kamfas kawai, a riƙa rubuta tarihin a wani wuri.

Wasan a ƙasashenmu

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ke da ajiya da yawa. A yammaci da tsakiyar nahiyar kuwa ƙalilan ne, galibi a manyan birane da wuraren da baƙi ke ziyarta, wasu kuma an daɗe ba wanda ya leƙa su. Ranar rajista ta ƙarshe ita ce za ta faɗa wa mutum ko tafiyar ta cancanta.

Akwai batun tsaro, kuma ba na wasa ba ne. Ko a Ingila, a garin Wetherby a 2011, an rufe titi aka kira masu kwance bam suka fasa wani akwati da daga baya aka gane ajiyar wasa ce. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, mutumin da ke kewaya gada ko bango yana kallon waya yana laluben ramuka zai iya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai ji daɗin amsawa ba. Ƙa'idojin shafin da kansu sun hana binne ajiya, sun hana sa ta kusa da wuraren soja da makamantansu, sun wajabta neman izinin mai wuri, kuma 'yan sa kai na duba kowace ajiya kafin a wallafa ta. A wurarenmu izinin ya haɗa da sanar da mai unguwa ko sarkin zango. Akwai kuma nau'in da ba shi da mazubi sam, EarthCache, wanda aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana ilmin duwatsu ta Amurka. Mutum zai je wurin, ya lura da dutse ko ƙasa, ya amsa tambayoyi. Wannan ya fi dacewa da wurare da dama a yankinmu.

Malamai kuma ba sa buƙatar shafin kowa. A darasin labarin ƙasa ana iya ɓoye gwangwanaye biyar a harabar makaranta da izinin shugabanta, a rubuta lambobinsu a fayil ɗin GPX guda, a tura wa wayoyi biyu ko uku, a raba ɗalibai rukuni-rukuni. Na gwada haka da ɗalibaina, kuma abin da ya fi tsaya musu shi ne ganin wayoyi biyu a hannu ɗaya suna saɓa wa juna da mita shida. Daga nan tambayoyin taurari da digiri da minti suka taso da kansu. Ɗalibin da ya koyi ɗaukar lambobin gwangwani daidai, ya adana su a fayil ɗin da kowace na'ura ke karantawa, da hannun nan zai ɗauki lambobin rijiya, ko kusurwar gonar gidansu, ko hanyar da ruwa ke yankewa da damina. Manhajar da zai yi wannan aikin da ita ma, da waɗannan ma'aunan zai auna ta.